Kowa da Irin Kan Motarsa

Yaron Dogon Daji ba ya rasa motar kallo. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, dare da rana tireloli da gingimari ne a kansa, wasu da shanu, wasu da albasa. Shi ya sa ƙera bodin motar wasa ba ya ba kowa wuya: a fasa gwangwanin madara a daddaƙe, a haɗa da karan dawa da waya, mota ta tashi. Yanzu har ana ciro injin motocin wasa 'yan Chana masu rimot a dasa. Inda ake gane halin mutum shi ne cikin kan mota, ɗan wurin zaman direban nan da bai fi tafin hannu ba.

Akwai mai awo. Wannan ya ji labarin kamfanin Tamiya na Japan, wanda ke yin tirelolin rimot a ma'aunin ɗaya bisa 14, tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Da rula yake zuwa bakin tasha, ya lallaɓi yaron mota ya bar shi ya auna sitiyarin DAF, ya dawo ya raba da 14. Lissafi ya ba shi santimita uku da 'yan kai, kusan faɗin marfin kwalbar lemo. Kowa zai ɗauki marfin ya liƙa ya huta, ban da shi, wai 'yan kan nan fa? Sai ya zauna lanƙwasa waya. Ya fere kujera daga totuwar kara, ya ga ta ɗara ƙofa tsawo, ya wargaza. Totur da birki da kuloci duk ya yi su da tsinken ashana, a lungun da ko kyankyaso sai ya duƙa zai gani. Motar dai har yau ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Maƙwabcinsa kuwa baƙar leda ya samu ya manne tagogin duka. Ka tambaye shi ina kujeru, ya ce motar manya ce, ba a leƙawa.

Sai mai ƙawa, wanda shi ne ya fi jawo wa gida asara. A wurinsa kan mota ɗakin amarya ne: labule na ƙyallen atamfa, darduma a ƙasa, gadon direba a bayan kujeru da matashinsa, carbi na duwatsun ado yana lilo a madubi, har da ɗan filas ɗin shayi na murfin biro. Soson kujerun daga gefen katifar gida aka gutsuro shi, kuma ranar da uwar ta ɗaga zanen gado ta ga ramin, unguwa ta sha labari. Idan aka gama jera kaya aka danna rimot, sai injin ya yi gurnani, tayoyi su karkarwa, mota ta tsaya cik. Nauyi ya fi ƙarfinta. Shi ko a jikinsa, ya ce ai direba na hutawa ne.

Injiniya ba ruwansa da wannan. Gudu yake so. Batiri ya ƙi shiga baya, to a cire kujerar direba a zaunar da shi nan. Allon rimot a wurin yaron mota, wayoyi ja da baƙi sun cika ko'ina, an tsiyaya musu gam. Motarsa ita ke fin ta kowa gudu, ita ce kuma ke fara faɗawa kwata.

Ba a rasa mai jingina da Jelani. Gaskiya ne Jelani Aliyu asalin gidansu Dogon Daji ne, ya karanci zanen mota a Detroit ta Amurka, ya shiga General Motors a 1994, shi ya zana samfurin Chevrolet Volt, a 2017 kuma aka ba shi shugabancin hukumar tsara ƙirar motoci ta ƙasa. Garin ya cancanci tinƙaho. Amma shi mai jinginar bai taɓa riƙe almakashi ba. Aikinsa ya tsaya a kan masu aiki, hannu a baya, yana cewa abin a jininmu yake.

Uban da ya sayo wa ɗansa mota ranar sallah, sannan ya karɓe "don ya duba mishi", ba sai an daɗe a kansa ba. Yaron na gefe yana kuka, shi yana gyara madubi.

Alƙalin kowa shi ne tsohon direba da ke zaune gindin dogonyaro. Shi ya yi tuƙi tun kafin 1972, shekarar da Najeriya ta bar bin hagu ta koma dama, kuma har gobe bai yafe ba. A kawo masa mota ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta taga.

"Kai ɗan nan, wanga sitiyari mi ya kai shi hagu?"

"Baba, ai duk motocin da ke wucewa haka suke."

"Su ma kuskure ne. Ina jak? Ina buta? Direban da ba shi da buta, a ina za shi alwala in ya kai Kwantagora?"

Yaron ya koma gida neman abin da zai fere buta da shi. Da ya dawo, tsohon ya ce ta yi wa direban girma.