Fitilar ABS da Baƙin Salatif

Idan fitilar ABS ta birki ta kama ta ƙi mutuwa, masu gyaran wayar mota iri biyu ne. Na farko zai cire taya ya duba sensar da ke ƙirga juyin kowace ƙafa. Galibi laifin taɓo ne da ɓarɓashin ƙarfe, ko wayar da ta tsinke, ko fis da ya ƙone. In abin ya ɓuya, sai ya jona kwamfuta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna masa ƙafar da ke ƙorafi.

Na biyu ba ya son wahala. "Alhaji, ai saboda ƙanƙara Turawa suka sa ta, mu ina ruwanmu?" Sai ya kwance gaban motar ya liƙe fitilar da baƙin salatif. Birki kuwa yana nan yana ci, don haka Alhaji ya biya har da na goro. Sai ranar da ruwan Agusta ya jiƙa kwalta, akuya ta tsallako, ya taka birki da ƙarfi: tayoyi suka ƙame, Alhaji na murza sitiyari, mota na bin ra'ayinta.