Bawana Bazazzage, Wa Ke Ce Maka Amin a Ɗaki?

Bawana Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina uwargida, ina yara, ina kuma tukunyar fate? Na san tana kan wuta, domin duk ranar da aka yini ba a dama fate a gidan Bazazzage ba, to maƙwabta su leƙa, ba lafiya ba.

Labari ya iso Kano cewa an naɗa ka shugaban addu'a na zumuntar maza a majami'arku. Na taya ka murna, zumuntar kuma na yi mata jaje. Duk wanda ya taɓa zama a wurin da aka ce ka buɗe taro da addu'a ya san abin da nake nufi. Sai ka ɗauko ta tun daga Adamu, ka tsaya ka gaida Ibrahim da Ishaku da Yakubu ɗaya bayan ɗaya, ka ƙetare Bahar Maliya da jama'a, ka yi ta tuna wa Allah abubuwan da ya yi da hannunsa sai ka ce mantawa ya yi, sannan ka juyo kan gwamnati da tsadar taki. Kafin ka dire, tuwo ya huce, jarirai sun yi barci sun farka. Amin ɗin nan mai ƙarfi da kake ji daga baya, kana zaton shafewar Ruhu ce ta sauko, murnar tsira ce.

Wannan duk mun saba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsegumin da uwargidanka ta yi wa tawa. Ta ce zakin nan na taro, in ya shiga ɗaki da dare ya durƙusa a bakin gado, ba ya kai jimla ta biyu sai minshari. In ta taɓa ka ta ce ka hau gado, sai ka ce ta ƙyale ka, kana cikin bimbini. To bari in tambaye ka, wa ke ce maka amin a ɗaki? Babu kowa. Ba mai gyaɗa kai, ba mai cewa bayan an tashi, kai, Baba ya iya addu'a. Shi ya sa ta taro take miƙewa, ta ɗaki take ƙanƙancewa. Ubangiji ya riga ya san irinka, domin a Matiyu sura 6 ya yi zancen masu son tsayawa addu'a inda za a gan su, ya ce sun riga sun karɓi ladansu, ya kuma tura mai addu'a cikin ɗaki ya rufe ƙofa. Kai ka cika rabin umarnin. Kana shiga, kana rufewa.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki. Za ka ce wane ne Bakano da zai koya wa ɗan Wusasa addu'a, alhali mu ne muka kori masu bishara. Gaskiya ne, a 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu sun iso Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka juya. Gaskiya ne a Zariya Mila ya sami wurin zama a 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa a 1929, ga ta nan tsaye har yau. Za ka ƙara da cewa Janar Gowon, wanda ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a a 1996, a garinku ya girma. Mun ji, mun sara. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa da Mila da abokan aikinsa suka sha wahalar fassarawa har ya fito a 1932, ina naka yake? Yana kan talabijin, an lulluɓe shi da ɗan ƙyalle mai ado, rimot na kwance a kansa. Addu'ar kakanka ta yi masa amfani, Allah ya karɓa. Ba ta cikin gadon da aka raba muku.

Matsalarka ta farko lokaci ce. Kana ba Allah ragowar yini, bayan aiki, bayan hira a bakin titi, bayan labarun ƙarfe tara, bayan kwano biyu. Me ya rage a jikin? Kada ka kawo mini Bitrus da Yakubu da Yahaya da suka yi barci a Getsamani, domin Luka ya ba su uzuri, ya ce baƙin ciki ne ya kwantar da su. Kai wane baƙin ciki gare ka in ba yakuwa da tsaki ba? Markus ya nuna mana Yesu, bayan yini guda yana warkar da marasa lafiya a Kafarnahum, ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya fita inda ba kowa. Daniyel yana riƙe da babban muƙami a fadar Dariyus, duk da haka sau uku a rana yake durƙusawa, kuma lokacin nasa sananne ne har maƙiyansa suka san sa'ar da za su same shi. Kai ko uwargida ba ta san naka lokacin ba. Ga shi kuwa Allah ya hutar da kai sayen agogo. Kullum ladanin unguwarku yana kiran assalatu, maƙwabcinka yana fita cikin sanyin hunturu da butarsa, kai kana jan bargo. Ka tashi tare da shi mana, shi ya nufi masallaci, kai ka nufi kujerarka. In durƙusawa a bakin katifa ce take kai ka, bar katifar. Zauna a kan tabarma, ko ka tsaya, ko ka yi ta zagaya tsakar gida, ka kuma riƙa furta kalmomin a hankali, kunnenka na ji. Bakin da ke motsi ba ya saurin minshari. Minti 10 kowace safiya ya fi kwanan addu'a sau ɗaya a wata, wanda ko shi ma an ce a bencin baya kake yin sa.

Wayar nan kuma a bar ta a falo. Hoton hannuwa biyu da furanni da kake tura wa mutane a WhatsApp da sassafe, wai duk wanda ya rubuta amin zai ga buɗi kafin Juma'a, ba addu'a ba ce, cinye mana data ne.

Yanzu sai abin da za ka faɗa in ka zauna, kuma a nan ne na fi jin haushinka, domin dukiya tana gidanku kana yawon bara. Mu 'yan ECWA mun daɗe muna yi muku dariya, wai Angilika karanta wa Allah takarda suke yi. Dariyar ba za ta ƙare ba, amma a tsakanina da kai, tsarin nan naku na Zabura abin kirki ne. Tun littafin addu'a na Akbishop Cranmer na 1549 aka raba Zabura 150 a kan kwanakin wata, safe da yamma, ta yadda mutum zai zagaye ta duka kowane wata. Mu muna da ɗan littafinmu Abincin Yini, ku kuna da wannan. Ranar da bakinka ya bushe, ka rasa ta inda za ka fara, sai ka ari bakin Dawuda. Karanta zabura guda a hankali. Inda wata aya ta riƙe ka, tsaya nan, ka mayar wa Allah ita da Hausarka, ko da ta Zage-zagi ce, yana ganewa. Ba a ce sai ka fara da ta 119 mai aya 176 ba. Ta 117 aya 2 ce tak, daidai ƙarfinka.

In ka daɗe a cikin Zabura za ka lura da abin da addu'arka ta taro ba ta da shi. Mutanen nan ba sa sa wa Allah babbar riga. Mai zabura ta 13 yana tambayar Allah har yaushe zai manta da shi. Ta 88 da kuka ta fara, cikin duhu ta ƙare, ba a ko yi mata kwalliya a ƙarshe ba, kuma aka bar ta a cikin Littafi. Ta 51 ta mutumin da aka kama da laifi ce. Kai kuwa a gaban jama'a kullum nasara, kullum ɗaukaka. Yaushe ka taɓa gaya wa Allah cewa kana jin zafin ƙanenka a kan gonar gado, har ba ka ɗaga wayarsa? Yaushe ka gaya masa bashin da ke hana ka ratsawa ta wani layi, ko tsoron da ke kama ka in yaro ya hau hanyar Birnin Gwari? Waɗannan ba sa faɗuwa a lasifika, kuma su ne ainihin kayan ɗaki. Hannatu ta yi tata a Shilo, leɓe na motsi murya ba ta fita, har Eli ya zaci ta sha ta bugu, ita ce kuwa ta koma gida aka ba ta Sama'ila. A misalin da ke Luka sura 18, mai karɓar haraji jimla guda ya yi, Bafarisiye ya karanto tarihin kansa. Ka san wanda aka karɓa, ka kuma san wanda kuka yi kama.

Sannan ka koyi yin shiru. Annabawan Ba'al sun yi ihu a Dutsen Karmel tun safe har rana ta take, ba wanda ya tanka musu. Kai ma in ka gama zuba, zumbur kake miƙewa, ba ka taɓa barin ayar da ka karanta ta yi maka tambaya ba. Zauna kaɗan. Hankali zai gudu kasuwa, ka jawo shi, ya sake gudu, ka sake jawowa. Haka kowa yake fama.

Za ka ce Bakano ba ya magana ba ta kuɗi, to ga ta. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa, littafi yake buɗewa, suna da kwanan wata, in an biya ya soke. Sayi ɗan littafi irin na 'yan firamare ka yi haka. Duk wanda ka ce wa za ka sa shi a addu'a a ƙofar majami'a, bashi ka ɗauka, rubuta shi. Gwauruwar nan ta layinku, yaron da ya gama karatu yana zaune, rabaran ɗinku da kuka fi iya gulmarsa, maƙwabcin nan mai buta in matarsa ba lafiya. Ranar da Allah ya amsa ka sa alama, domin Bazazzage akwai saurin roƙo, akwai nauyin godiya. Ubangiji ya kuma ce a yi wa maƙiya addu'a, saboda haka ka ware musu shafi. In ka ga dama sa sunana a can, ni dai ta iso Kano.

Sauran yini ma ba haramun ba ne. Nehemiya yana tsaye gaban sarki, an yi masa tambaya, ya yi addu'a kafin ya ba da amsa, sarkin bai ko lura ba. Cunkoson Kwangila ya ishe ka ka yi irinta sau biyar, maimakon zagin mai Keke.

Na naɗa uwargida mai sa ido, za ta riƙa aiko da rahoto. Kuɗin sharata na bara da na bana kuma har yanzu ban gani ba, ka haɗo da su. In za ka ba ni amsa a wannan shafi, nemi wani ɗan Kano ya duba maka rubutun tukuna, kada ka sake rubuto mini cewa matarka ya gaishe ni.