Masu Ba Da Magani Idan Makulli Ya Ƙi

Tsohuwar akori-kura ba ta lalacewa a ɓoye. A ce Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, wadda ta girmi yaron motarta, an labta mata kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, direba ya murɗa makulli ta yi gum. Kafin ya sauko, likitoci sun kewaye ta.

Mai riga kowa magana shi ne Malam Batir. Daga kan benci yake yanke hukunci, ko bonet bai leƙa ba: "Batir ne." A kunna masa fitilu su haska tar, a danna hon ya razana akuya, sai ya gyara zama ya ce, "To, kan batir ne." Abin haushin, yakan dace, domin motar da ke ƙas-ƙas ta ƙi tashi galibi wuta ce ta yi mata kaɗan. Wannan dacen ne ya hana shi tuba.

Sai 'yan "a tura". Shugabansu tsohon kwandasta ne da ya yi zamani a Mercedes 911, mai shan gas, wadda in ta samu gangara sai ta kama ba ta nemi izinin batir ba. Ita kuwa wannan fetur take sha. Idan makunni bai kai wuta koyil ba, fulogi ba zai yi tartsatsi ba, ko da za a tura ta har Kwanar Ɗangora. Shi dai yana gefe yana ba da oda, "Sa ta a tu! Saki kuloci!", hannunsa bai taɓa bodi ba.

Ƙarfi-da-yaji ya fi kowa ɓarna. Wani lokaci makullin ma ƙin juyawa yake, don akwai ɗan harshen ƙarfe da ke shiga sandar sitiyari ya kulle ta, kuma in an ajiye mota taya na tokare da dutse, harshen sai ya cije. Maganin kyauta ne: a jijjiga sitiyari hagu da dama ana murɗa makulli a hankali. Shi kuwa sai ya ce, "Ba ni filaya." Ƙaras! Rabi a hannunsa, rabi a ciki. Ya dubi guntun da takaici ya ce ƙarfen yanzu ba shi da ƙwari.

Direban ma ba tsira ya yi ba. Dubi abin da ya rataya: makullin shago, na ɗakin uwargida, na amarya, na akwatin da ya ɓace tun bara, abin yankan farce, da laya. Duk suna lilo a kowane gargada suna cinye cikin gidan makulli. Ba abin raini ba ne, don a 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda makunnin da nauyin makullai ko jijjiga kan mayar da shi baya, injin ya mutu ana cikin gudu. Gaya wa direbanmu haka, zai ce layar ce ma take riƙe da motar.

Wanda nake tsoro shi ne Gajerar-hanya. Reza a baki, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya feɗe wayoyi ya haɗa, ya naɗe da ledar burodi, mota ta tashi, jama'a su yi kabbara. Ya manta harshen nan na kulle yana nan daram, sai an zo kwanar farko a gane sitiyari ba ya tanƙwasuwa. Ƙanensa shi ne mai dangwala sukundireba a jikin kik alhali mota na cikin giya, shi kuma yana tsaye a gaban taya.

Akwai dillali, wanda kullum yana da ɗan'uwa a Ƙofar Ruwa mai sabon Beljiyam.

Can sai ga mai wayarin, dattijo, da ƙwan fitila ɗaya mai waya biyu a aljihu. Ya kwance murfin wuyan sitiyari, ya maƙala waya ɗaya a bodi, ya dangwala ɗayar inda wuta ke shiga makunni: ƙwai ya kama. "Yaro, murɗa." Ya dangwala inda take fita: shiru. Ya san abu biyu ne a wurin, gidan makulli a gaba, makunnin wuta a bayansa, kuma na bayan ne bakinsa ya ƙone ya yi baƙi. Da gidan ne ya lalace da aiki ya yi tsawo, domin a motoci da yawa kusoshinsa ba su da kai, da gangan aka yi su su karye wajen ɗauri saboda ɓarayi, sai an bi su da guduma da ɗan ƙarfe mai kaifi. Ya kankare bakin makunnin, ya matse, ya ce a sayi sabo kafin sati.

Sannan Alhaji mai mota ya iso a kan babur, ya ji kuɗin aiki, ya riƙe baki: "Haba Baba! Don ka taɓa waya biyu? Ai ina kallonka daga nesa, ko zufa ba ka yi ba." Ya ciro kuɗin ya raba wa 'yan turi rabi, tunda su kam rigunansu sun jiƙe sharkaf.