Mai Ganga, Mai Baki da Mai Lasifika: Mutanen da Ke Haɗa Ƙungiyar Rok

Duk ƙungiyar kiɗan rok da ka ga ta cika filin ƙwallo da jama'a, in ka bi salsalarta za ka tarar da wasu samari huɗu ko biyar da suka taɓa hana unguwa barci. Bayan sun yi suna, 'yan jarida kan ce baiwa ce ta haɗa su. Tarihin U2 da Beatles da Rolling Stones bai ce haka ba. Ranar farko ba a tambayar wa ya iya. Abin tambaya shi ne wa ke da ganga, wa ke da ɗaki, kuma uwar wa ta fi haƙuri. Ga irin mutanen da ake tarawa.

Mai ganga

Shi ya fi kowa matsuwa a kafa ƙungiya. Mai jita zai zauna bakin gado ya yi wa kansa waƙa, amma gangunan bature in babu rakiya ba mai sauraronsu sai maƙwabta, su ma bisa dole. A 1976 Larry Mullen, ɗan shekara 14, ya manna takarda a allon sanarwar makarantar Mount Temple da ke Dublin yana neman abokan kiɗa. Ran 25 ga Satumba suka cika kicin ɗin gidansu, mafarin U2 ke nan. Mullen da bakinsa ya ce shugabancinsa bai wuce na minti goma ba, daga nan wani ya shigo ya ƙwace fili. Haka mai ganga yake a ko'ina: shi ke kiran taro, shi ke da kaya mafi nauyi, sannan a cusa shi can baya inda ko hoto ba ya kama shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai baki

Gardin ke nan. Wanda ya yi wa Mullen juyin mulki shi ne Paul Hewson, wanda duniya ta sani da Bono. Da niyyar kaɗa jita ya zo, sai aka ga hannun bai kai bakin ba, aka bar shi da waƙa. Mai baki ba ya ɓuya. Shi ke zuwa gwaji a makare, hannu na dukan cinya. In an tashi kwasar kaya ciwon baya ya kama shi. Bai san sunan igiya ko ɗaya ba, amma ya riga ya tsara rigar da zai sa ranar karɓar lambar yabo. Haushinsa ake ji, korarsa kuma ba ta yiwuwa, domin a cikin samari biyar shi kaɗai ne ba ya jin kunyar tsayawa gaban mutane.

Mai kaya

Wannan kayansa ake so, shi kuma ya biyo a matsayin gyara. Adam Clayton ya zo kicin ɗin Mullen da jitar bas da bakin ƙwararru, sauran suka ɗauka tsohon hannu ne, sai daga baya suka gane ba daidai yake kaɗawa ba. A Liverpool, Stuart Sutcliffe ɗalibin zane ne. Da ya sayar da wani zanensa fam 65, abokansa suka hure masa kunne ya sayi bas, ya wayi gari a 1960 yana cikin ƙungiyar da za ta zama Beatles. Bill Wyman kuwa da ya je wurin Rolling Stones a Disamban 1962, ba su wani sakar masa fuska ba sai da suka ga yana da lasifika har da rara, ga sigari a aljihu. Nan take jininsu ya haɗu.

Ɗan ƙaramin gwani

Shi ne ke zama a gefe shiru, sai an gama surutu ya ɗauki jita kowa ya haɗiye yawu. Ran 6 ga Yulin 1957, a wani bikin coci a unguwar Woolton, aka gabatar wa John Lennon da wani yaro ɗan 15 mai suna Paul McCartney. Abin da ya girgiza 'yan Quarrymen, ƙungiyar Lennon da daga baya ta zama Beatles, shi ne yaron ya iya saita igiyoyin jita, ilimin da shugabansu bai mallaka ba. Sai da Lennon ya yi ta saƙe-saƙe: in ya ɗauke shi kiɗa ya gyaru, amma sarauta ta samu kishiya. A 1958 McCartney ya jawo wanda ya fi shi ƙanƙanta, George Harrison, aka yi masa jarrabawa a benen motar bas. Lennon ya raina shekarunsa, yatsun yaron suka rufe masa baki.

Abokin shugaba

Ba ya waƙa, ba ya kiɗa, amma tun firamare ake tare, kunya ta hana a ce ya koma gida. Sai a nemo abin da ba zai ɓata ba a miƙa masa. A Quarrymen Pete Shotton ne, aminin Lennon, aka ba shi allon cuɗa wanki yana karta. Ranar da ya ce ya gaji, Lennon ya ɗaga allon ya fasa masa a ka. Takardar sallamar ke nan, kuma amincinsu ya ci gaba.

Uwar ɗaki da mai tsawa

Kowace ƙungiya tana da dattawa biyu da ba sa hawa dandamali. Ɗaya ta buɗe ƙofa, ɗaya ta rufe. Mona Best ta mai da ɗakin ƙarƙashin gidanta kulob mai suna Casbah a 1959, samarin Quarrymen suka taya ta fenti, suka kuma yi kiɗan buɗewa. Inna Mimi, wadda ta riƙe Lennon, soron gida take kora shi da jitarsa, tana nanata masa cewa jita ba za ta taɓa ciyar da shi ba. Irin wannan tsawar ba ta Ingila kaɗai ba ce. A Nijar, Mdou Moctar ya taso a gidan da ba a ƙaunar kiɗa, shi ya sa ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. 'Yan'uwan da suka kafa Etran de l'Aïr a Agadas a 1995 sun fara da jita ɗaya, gangarsu ƙwarya ce ana bugunta da takalmi. A can ma dokar ɗaya ce: a fara da abin da ke hannu.

Mai raɗa suna

Kafin a iya waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, an yi zama uku a kan suna. U2 sun yi Feedback, sun yi The Hype, sai 1978 suka tsaya. Beatles sun taɓa zama Johnny and the Moondogs. An ce Brian Jones na Rolling Stones yana kan waya da wata mujallar kiɗa aka tambaye shi sunan ƙungiyarsu, ya leƙa ƙasa ya ga faifan mawaƙi Muddy Waters, ya tsinci suna a jikinsa. Wanda aka yi a gurguje shi ne ya haura shekara 60 yana aiki.

Wanda ya sauka kafin tasha

Wani da ƙafarsa yake tafiya. Dick Taylor ya bar Rolling Stones ya koma karatun zane, kuma a lokacin duk mai hankali zai ce ya yi daidai. Wani kuma sauke shi ake yi. Pete Best, ɗan Mona, ya shiga Beatles a Agustan 1960 saboda za su tafi Hamburg ba su da mai ganga, shi kuwa yana da ganguna sababbi. Ya sha wahalar Jamus da su. A Agustan 1962, ana dab da fitar da faifansu na farko, manaja Brian Epstein ya kira shi ofis ya sallame shi, abokan nasa ko leƙowa ba su yi ba. Ringo Starr ya hau kujerar, Best ya ƙare a aikin gwamnati.

Saboda haka, yaro, in kana son shiga ƙungiya kada ka ɓata lokacin nuna gwaninta. Sayi lasifika, za a zo har gida a yi maka sallama. Amma da zarar ka shiga, ka koyi abin a ɓoye. Clayton ya koya, yana U2 har yau. Wyman ya yi shekara 30 da Rolling Stones. Ranar da kamfanin faifai ya kawo kwangila, ƙungiya za ta iya sayen lasifikarta, kuma ranar ce za a fara sauraron abin da kake kaɗawa.