Wasiƙa Zuwa Ga Malam ID3, Magatakardan Waƙoƙi

Bayan gaisuwa mai yawa daga Bilbis ta ƙasar Tsafe.

Mutanen nan sun ji labarin Malam sa'an jihar Zamfara ne. A 1996 wani mai suna Eric Kemp ya liƙa shi a wutsiyar fayil ɗin MP3, ya ba shi ɗan gurbi na bayit 128, ya ce ya riƙe sunan waƙa da na mawaƙi da shekarar da aka yi ta. An ce albarkacinsa waya ke jera waƙoƙin mawaƙi ɗaya wuri ɗaya.

To, nan dai Malam bai cika zuwa aiki ba.

Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe zai kai katin memori wurin mai tura waƙoƙi, ya ce a zuba masa Musa Ɗanƙwairo zalla. Ya kunna, sai ya tarar da rabin waƙoƙin ƙarƙashin wani "Unknown Artist", mawaƙin da ya fi kowa yawan waƙa a Zamfara, kuma ba a taɓa ganinsa a gidan biki ba. Na Sa'idu Faru an maƙala wa Ɗanƙwairo, tunda duka kotso ne. Waɗanda suka biyo ta WhatsApp kuwa ba su da suna sai AUD da jerin lambobi, ana cikin kiɗa sai wa'azi ya faɗo.

Gaskiya laifin ba na Malam kaɗai ba ne. Salihu Jankiɗi, ɗan Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya rasu tun 1973. Muryarsa daga kaset aka kwafo ta, kuma wanda ya kwafa bai tsaya rubuta komai ba. Amma wa ya tsara wa Malam nau'in kiɗa 80, har Polka ta samu kujera, kotso da taushi da kalangu suna tsaye a waje? Ga ƙyamar baƙaƙe masu lanƙwasa: a rubuta Ɗanƙwairo, sai alamar tambaya biyu su fito. An ce ƙanen Malam na 1998 ya iya ƙ da ɗ. Madalla, idan aka samu mai rubutawa.

Direban dai ya gaji da jira. Ya sa an buɗe masa folda uku a katin: "Na Safe", "Na Hanya", da "Kada Baba Ya Ji".

A gaida gida.

Masu saurare,
Bilbis