Mabiyanka Nawa?

Da can in ana son sanin nauyin mutum a unguwar nan, sai a jira ranar da zai aurar da 'ya, a ga layi nawa babura suka toshe. Yanzu ba ma jira. Wayarsa muke leƙawa mu ga lambar da ke ƙarƙashin hotonsa. Yaro ya kai mabiya dubu goma a TikTok, shi ke nan, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Alhali duk mun san yadda ake tara su, don a gabanmu ake yi. "Bi ni in bi ka." Ko rabon kati: wanda ya bi shafi ya jawo abokai uku, wataƙila ya ci katin ɗari biyar. Mu yi rububi, a raba, mu watse, sunayenmu na nan cikin lissafi har abada. Mai 'yan canji kuwa saye yake yi kai tsaye, a zuba masa dubbai cikin dare, babu hoto, babu magana, babu ko atishawa. Taron tsintsiya ba shara.

Kada mu ɗauka mu muka ƙirƙiro wannan hauka. A 2008 aka kafa wani kamfani a Amurka mai suna Klout, aikinsa kawai ya auna mutane ya ba su maki daga 1 zuwa 100, gwargwadon yadda ake jin su a intanet. An yi lokacin da mawaƙi Justin Bieber ya cinye 100 cif, yana gaba da Barack Obama da ke kan mulki a lokacin. Sai a 2012 suka gyara ma'aunin Obama ya haye sama. Klout ɗin ma ya rufe a watan Mayun 2018. Wata biyu bayan nan Twitter ta yi sharar asusun da ta kulle, Obama ya wayi gari ya rasa mabiya sama da miliyan 2. Ban ji an ce ya je yi wa kowa ta'aziyya ba.

Masu kamfanonin sun fi mu wayo, domin su ba sa biya a kan ƙidayar kai kaɗai. Dokar da YouTube ta kafa a 2018 ita ce, kafin ka fara cin kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000, kuma sai an zauna an kalle ka na awa 4,000 cikin shekara guda. A wannan sharaɗi na biyun ake kayar da yawancinmu. 'Yan talla kuma raba lissafi suke yi: mutum nawa suka tanka, cikin nawa da ke bin ka? Mai dubu hamsin da mutum ɗari biyar suka kula shi, ɗaya cikin ɗari ke nan. Mai dubu biyu da ɗari biyu suka amsa masa, ɗaya cikin goma. Wa ya fi wani?

To, nan ma mun samo dabara. "Duk mai son uwarsa ya rubuta Amin." Wa zai wuce? Sai ka ga Amin dubu uku a ƙarƙashin hoton da babu wanda ya tsaya ya karanta abin da ke samansa. Haka muke da "Ma sha Allah": atamfa Ma sha Allah, turaren wuta Ma sha Allah, mota ta faɗa rami ma, in ba a lura ba, wani zai sa.

Maƙwabciyarmu mai sarin atamfa daga Kantin Kwari ta fi kowa gane karatun. Wata yarinya ta zo neman ta ba ta talla.

"Hajiya, mabiyana dubu tamanin ne fa."

"Allah ya ƙara, 'yata. Cikinsu nawa ne ke ɗaura zani?"

Yarinya ta duba, ashe mafi yawansu samari ne masu zuwa kallon rawa. Hajiya kuwa ba ta wuce sitatus ɗin WhatsApp ba, lambobin da ke wayarta duk ta san gidajensu. Ita ma tana da masu cin rai, 'yan "nawa ne?", waɗanda da an faɗa musu kuɗi sai su ce "zan yi miki magana", sai kuma wata sallar. Amma wadda za ta saya ba ta dogon yabo. Cewa take, "Hajiya a ajiye min turmi biyu," kafin la'asar alat ya shigo.

Sannan ga Gwaggo. Kowane dangi na da irinta. Ba ta da shafi, ba ta san shuɗin tambarin da yanzu ake saye da kuɗi ba, jikanta ke danna mata wayar. Amma ta saki saƙon murya na minti huɗu a gurup ɗin dangi cewa angon nan bai kwanta mata ba, kafin isha'i an tura shi Kaduna da Maraɗi, iyaye maza sun kira taro, an ce a dakata da kai lefe tukuna.