Yunwar Jidda Ba Ta San Alhaji Ba

Makka ba ta da filin jirgin sama. Duk wanda ya gama ɗawafin bankwana, ya ɗaure jakarsa da igiya har ta koma kamar ragon layya, sai a kwashe shi zuwa Jidda ko Madina. Mu 'yan unguwar Nakkasa ta Makka, da muka tashi da Hausa a tsakar gida da Larabci a bakin titi, ba ma rasa abin yi lokacin hajji: wani dako, wani rakiya, wani tafinta. Ni tafinta na yi shekara da shekaru, kuma aikina kullum a Madinatul Hujjaj yake ƙarewa, can filin jirgin Sarki Abdul'aziz, inda ake jibge alhazai su jira jirgi.

Wanda bai taɓa ganin wurin ba, ya ƙaddara rumfar biki ce, amma guda 210 a jere, farare fat, iska na ratsawa ta ko'ina. A 1981 aka buɗe shi, kuma injiniyan da ya yi lissafin rufin, Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka ne. Bawan Allah ya yi tunanin rana, ya yi tunanin iska, ya yi tunanin cinkoso. Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne cikin Bahaushen da aka ce wa jirginsa zai tashi bayan Azahar, ga shi an yi Isha'i ko labari babu.

A Arfa kowa ɗaya ne. Zane biyu, kai a buɗe, ba ka bambance attajirin Kantin Kwari da mai facin taya. Sai an zo Jidda, hanji ya fara kiran sallah, sannan kowa yake komawa halinsa na gida.

Wanda ke fara bayyana shi ne Alhaji Kalkuleta. Zai tsaya gaban allon farashi, hannu ɗaya a baya, waya a ɗayan, ya yafito ni.

"Ɗana, wannan shayin nawa suka ce?"

"Riyal goma, Baba."

Sai ya danna, ya sake dannawa, ya cire tabarau ya goge. A 2024 riyal ɗaya ta kai wajen naira ɗari huɗu. "Dubu huɗu? Shayi? Da nonon barewa suka haɗa shi?" Daga nan sai ka sha bayanin abin da dubu huɗu za ta yi a teburin mai shayin Fagge, da biredi da wainar ƙwai da canji. Na taɓa kuskuren gaya wa wani cewa a cikin kuɗin akwai harajin kashi 15 da Saudiyya ta ɗora tun Yulin 2020. Ya ce to a cire harajin a ba shi shayin zalla. Ba ya son jin cewa riyal tana nan inda aka ɗaure ta tun 1986, uku da kwata uku a dala ɗaya, naira ce ta yi zaman 'yan bori. Kuma mutumin nan fa shekaranjiya ya sayi agogo uku da darduma goma a Shara Mansur ta Makka ko ƙifta ido bai yi ba. Tsaraba ba asara ba ce a wajensa, abin da zai shiga cikinsa ne asara. Ƙarshenta zai roƙi ruwan zafi a kofin takarda, ya laluba aljihun jallabiya ya zaro Lipton ɗin da ya taho da shi daga masauki, ya ɓare goro ya ce ai shi ma abinci ne.

Hajiya Mai Kula kuwa ko kallon allon ba ta yi. Wannan ita ce tamu, domin daren jiya tana unguwarmu. Duk alhajin da shinkafar Larabawa ta ishe shi ya san hanyar gidajen da ake tuƙa tuwo a Makka, kuma gwaggona na cikin masu tuƙawar. Abincinmu ya daɗe a garin nan har ya yi ɗan'uwa: tsiren da kakanninmu suka kawo shi ne Larabawan Hijaz ke layi a kansa suna ce masa siriya. To Hajiya takan zo da kula uku ta ce a cika, ta biya, ta yi addu'a. Da an sauke su a Jidda sai ta zaɓi gindin ginshiƙi, ta shimfiɗa zani, ta buɗe gidan abincin da ba shi da lasisi. Tuwon shinkafa, miyar kuka da ta ji daddawa, man shanu a kwalbar magani, yaji a ƙulle cikin leda uku, da ragowar dambun naman da ya taho daga Katsina ya yi hajji zai koma. Da ta ɗaga murfi sai ka ga alhazan Indunusiya sun waiwayo, na Turkiyya sun ja da baya, 'yan Nijar kuwa sun fara matsowa suna gaisuwa.

Rigimarta a wajen bincike take. Na taɓa tsayawa tsakanin wata Hajiya da jami'i. Ya ɗaga kular, ya jijjiga, ya ce abu mai ruwa ba ya wucewa. Na fassara.

"Ruwa? Miyar kukar ce ruwa? Ɗan nan, gaya masa ya sa yatsa ya ji kauri. Ni ba na yin miya tsululu, wannan sai kishiyata."

Ban fassara ɓangaren kishiya ba. Jami'i ya ce ko ta zubar ko ta cinye. Hajiya ta dube shi kamar ya ce ta zubar da jikanta, ta koma gefe ta zauna, ta ɗaga murya: "Bayin Allah, bismilla!" Kafin a tantance mutum goma kula ta yi fes. Miyar ta wuce binciken dai, a cikin mutum tara.

Sai Malam Nahawu. Shi ya yi shekara ashirin a zauren Zariya, Alfiyyar Ibn Malik na kansa baiti dubu, kuma tun daga gida yake jiran ranar da zai yi magana da Balarabe. Ba ya son tafinta, in na matso sai ya ɗaga mini hannu. Zai gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya nemi gasasshiyar kaza da Larabcin da aka cika wa wasali har ƙarshe, kowace kalma da tanwininta. Yaron da ke bayan kanta ɗan Bangaladash ne, wata takwas da zuwansa ƙasar. Zai yi shiru ya dube shi, ya ce, "Mafi ma'alum, Hajji. Nambar kam?" Malam zai juyo gare ni fuska a murtuke.

"Wannan wane irin Larabci ne?"

"Allah gafarta Malam, na kasuwa ne."

"Ai kuwa an ci amanar harshe."

Yana cikin jimami Ɗan Ishara zai kutso ta ƙarƙashin hammatarsa. Jarinsa kalma uku ne: haza, wahid, kam. Zai nuna hoto da yatsa, ya kaɗa gwiwar hannu kamar fiffike, ya ɗaga yatsa ɗaya, minti biyu ya fito da leda mai zafi. Sau ɗaya na ga dabarar ta ci shi. Ya nuna abin da ya zaci kaza ce, ya buɗe kwali ya tarar da jatan lande, kowanne da jelarsa. Ya rugo wajena. "Malam, ƙwari suka ba ni!" Na ce masa fara ce, ta ruwa. Ya ɗan yi tunani, ya nemi yaji wajen Hajiya, ya cinye tas, har yana cewa tasu ta fi ta Maiduguri tsoka.

Akwai wanda ba yunwa ke sa shi ci ba, sikeli ne. An ce jakar hannu kilo takwas, tasa ta nuna goma sha huɗu. Zai ja gefe ya fara ragewa. Jallabiya uku zai zura a jikinsa ɗaya kan ɗaya, a zafin Jidda, ya ɗora hula biyu. Abin da ba ya sawuwa kuma sai a ci. Dabinon ajwa da ya saya da tsada a Madina don surukai, ga shi yana tura shi baki bibbiyu, yana miƙa wa duk wanda ya gifta, fuska ba annuri. Sadakar dole ke nan, ban san yadda ake rubuta ladanta ba. In aka zaƙulo gorunan Zamzam da ya cusa cikin darduma, alhali lita biyar aka yarje wa kowa kuma ba ta wannan hanyar take bi ba, ba zai bar ɗigo ba. Zai fuskanci alƙibla ya yi ta kwankwaɗa har cikinsa ya yi ƙarar tulu. Wanda ya zauna kusa da shi a jirgi ya bar masa kujerar bakin hanya tun da girma da arziki, tafiyar kusan awa biyar ce.

Mai sabon haƙorin Makka ba ta cin komai mai tauri. Tana tauna da gefe guda, tana murmushi da ɗaya gefen, kuma ko ba a yi abin dariya ba sai ta dara.

Alhaji Na-ƙoshi da Alhaji Sallama tare suke tafiya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Na farko tun safe bai sa komai a bakinsa ba, amma in ka ce bismilla sai ya dafa ƙirji ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya tashi daga kan abinci. A tsarinsa sai an yi tayi uku yake karɓa. Masifar ita ce a filin jirgi tayi ɗaya ake yi, domin kowa ya san nawa ya biya. Sai ka gan shi yana bin loma da ido tun daga kwali har baki. Na biyu ba ya jiran tayi. Ya san duk inda aka buɗe leda a faɗin rumfunan nan, kunnensa na jin ƙarar murfin kula daga nesa. "Salamu alaikum, Alhaji, kamar na san fuskar nan. Ba a Mina muka yi maƙwabtaka ba?" Kafin ka tuna Mina ya wanke hannu. Kunyar mara kunya asara ce, amma wa zai hana mutum abinci kwana biyu da ɗawafin bankwana? Ya san da haka, a kan haka ya kafa sana'ar.

Wanda nake tausayi shi ne mai tsarabar Albaik. Kazar nan da aka fara soyawa a Jidda a 1974 sunanta ya riga ta isa Kano, har yara kan yi waya su ce Baba kada a dawo ba ita. Sai ya sayo kwali huɗu, ya ɗaure da leda, ya rungume. Yana zaune yunwa na cinsa, ƙamshin tafarnuwa na tashi daga cinyarsa, yana korar Alhaji Sallama da harara. Ƙarfe goma sha biyu zai ce bari ya duba ko ta lalace. Ƙarfe ɗaya zai ce ai ƙaramin yaron ba ya cin fiffike. Na san wanda ya sauka Kano da kwalaye huɗu, da biredi, da 'yan robobin miyar tafarnuwa, ya ce wa iyalinsa Larabawa ne suka ƙwace kazar.

Manyan da ke zuwa Umara da azumi ba sa shigowa lissafin nan sosai. Su jirgin ƙasan Haramain ke ɗauko su daga Makka ya dire su a cikin sabon ginin filin jirgin Jidda da aka ƙaddamar a 2019, su shige falon manya, su ɗebi ganye da zaitun a faranti, su ɗauki hoto, sannan su yi waya gida a ɗora tuwo.

Kada a ce na tsame kaina. Tafinta ma iri ne, kuma ba na kirki ba. Ba ya sayen komai, amma duk cinikin da ya fassara sai an ce ɗauki ɗaya mana. Kakana a ƙasa ya zo garin nan, ta Chadi da Sudan, ya haye teku daga Sawakin, ya yi shekaru a hanya yana noma yana dako kafin ya ga Ka'aba. Jikansa kuwa ya yi ƙiba da cinyoyin kajin mutanen da jirginsu ya yi lattin awa shida.

Daren miyar kukar nan aikina ya kai ni har ɗakin jira na ciki. Wajen ƙarfe biyu aka zo aka ce jirgi sai da safe. Ɗaki ya ɗauki salati. Kantin da ke wurin ya rage biskit da ruwan gora kawai, Alhaji Kalkuleta ya je ya danna wayarsa ya dawo. Sai na ga Hajiya ta jawo jakar hannunta, ta ɗaga hijaban tsaraba, ta ɗaga carbuna, ta zaro wani ƙulli kamar kan jariri. Garin kwaki ne, da ƙuli-ƙuli dakakke, da yaji, da albasa guda.

"Wannan kuma ya zo ya ce mini ruwa ne," in ji ta. "Ɗan nan, samo mini ruwa a kular nan. Malam, a matso. Alhaji, kai da ka ƙoshi, sau ɗaya zan faɗa."

Alhaji Na-ƙoshi ya riga Alhaji Sallama wanke hannu.